Gayyar da Ta Cinye Shibrar Siddiƙu Mai Awo

Duk wanda ya taɓa sayen gero a layin 'yan awo na babbar kasuwar Sakkwato ya san Siddiƙu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai siririn gemu, wanda zai cusa hannu a buhu, ya ɗebo, ya murza, ya ce maka wannan na Gwadabawa ne, wancan kuwa daga Illela ya fito kuma an girbe shi da sauran ɗanye. Shekara arba'in yana riƙe da tiya. Ba ya tauye awo, ba ya kuma yi wa kowa dariyar ganin ido. Mutanen Ƙofar Marke, inda gidansa yake, sukan ce Siddiƙu mutumin kirki ne muddin ba a taɓo maganar gonarsa ba.

Gonar tana can hanyar Kalambaina, 'yar ƙarama, a kan gangare mai farar tsakuwa. Yawancinta gero ne irin na kowa. Amma kusurwar gabas, kunya goma sha biyu, shibra ce zalla, kuma da hannunsa yake shuka ta.

Manomi ba ya bukatar a gaya masa mece ce shibra. Cikin gero take fitowa da kamar gero, ba ka raba su sai ta fid da kai: siririyar zangarniya, ƙananan ƙwayoyi, ga gashi, kuma da ta nuna sai ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa tun mai gona bai ɗauko magirbi ba. Ranar da aka koya wa mutum riƙe kalme, ranar ake koya masa tumɓuke ta. A ce wai ga wani yana shuka ta da gangan, daidai yake da a ce yana kiwon ɓeraye a rumbu.

Siddiƙu yana da dalilinsa, sai dai ba mai yawan faɗa ba ne. Yana ɗan shekara tara aka yi babban farin nan na farkon shekarun saba'in, suna wani ƙauye can arewa dab da iyaka. Ruwan sama ya ɗauke alhali gero yana da ciki, ya bushe a tsaye. Abin da ya kai ga nuna a duk karkarar, wata shibra ce da ke gindin dutse, mai ja a gaɓoɓinta. Mahaifiyarsu, Inna Binta, ita ke sammako da ƙwarya, goye da autanta Lawali, tana kaɗa kawunan cikin ƙwaryar. Su biyar ta haifa, uku suka ga damina ta gaba, kuma wannan shibrar ce ta kai su. Da Siddiƙu ya tashi zuwa birni, ta ƙulle masa ƙwayar a bakin zane ta ce kada ya bari ta ƙare a hannunsa. Gindin dutsen nan tuni dabbobi da gatari suka share shi, hanyar ƙauyen ma yanzu ba kowa ke bin ta ba.

Ya koya wa kansa yadda ake riƙe abin da ba ya son a riƙe shi. Matarsa Uwani ke ɗinka masa 'yan jakunkuna da tsohon zane. Da kai ya leƙo, tun bai yi bununi ba, sai ya rufa masa jaka ya ɗaure wuyan da zare. Kai ashirin yake rufewa kowace shekara, sauran ya bar wa tsuntsu da iska. In ya girbe, ya cuɗa ƙwayar da toka, ya zuba a gora, ya rataye a ɗakinsa.

Wanda ya fi kowa shan haushin wannan aiki shi ne Habibu, tsohon direban tifa, mai gonar da ke ƙasan ta Siddiƙu. Habibu ya ce duk ruwan da ya gangaro sai ya kawo masa 'ya'yan shibra, iska kuma ta kawo masa bununinta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce maganar ta kai su gaban mai unguwa. A nan Siddiƙu ya miƙe a gaban dattawa ya ce, "Shibrata ba ta da ƙafa. Wadda ke gonar Habibu, lalacinshi ya haife ta." Tun daga ranar ba abin da ke haɗa su sai sallama, ita ma a daƙile.

Bara ne Dorcas ta shigo cikin labarin. 'Yar Malam Ɗanjuma ce, tsohon malamin makaranta da ya shekara talatin yana sayen geron kunu a wurin Siddiƙu. A Sakkwato aka haife ta, a Arkilla take zaune, ta karanci kimiyyar amfanin gona, tana aiki da masu binciken iri. Ta zo awo ne ta ji maƙwabtan Siddiƙu na tsokanarsa da Sarkin Shibra. Maimakon ta yi dariya, sai ta ce a kai ta gonar. Ta durƙusa ta daɗe tana juya wata zangarniya a hannu, ta ga jakunkunan, ta tambayi shekara nawa yana rufe su haka.

"Tun ba a haife ki ba, ɗiyata."

"Baba, ka san abin da ka yi kuwa? Ka hana ta gaurayuwa da gero. Mu sai da muka je makaranta aka koya mana wannan."

"Ni don kada ta zube nike yi."

Sai ta zauna a kan kunya ta yi masa bayani. Ta ce kowane tsiro yana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin halittarsa, wanda ido ba ya gani, kuma shi ke faɗa masa yaushe zai nuna, wane ƙishi zai jure. Yanzu akwai na'urar da ke karanta rubutun nan baƙi bayan baƙi har ƙarshe. A ƙasashen sanyi, in ji ta, suna da wani hatsi da suke kira ot, suna dama shi kamar kunu. Masanansu sun bi danginsa na daji, irin waɗanda manoma ke tumɓukewa, suna karance su don su gano inda juriya take, su kuma san yadda na gida ya samo asali.

"To in anka karanta tawa, sai a yi mi?"

"Sai a gano gaɓar da ke sa ta nuna da wuri. Mai haɗa iri ya aura ta da gero, ya riƙa duba 'ya'yan, ya zaɓi wanda ya gado saurin nuna bai gado zubar da ƙwaya ba."

"Wato gero ɗanta ne?"

"Ko jikanta, ko ɗan 'yar'uwarta. Shi ma muna so mu sani."

Siddiƙu ya shafa gemu. Ba murna ce ta fara zo masa ba, haushi ne. Shekara arba'in ana kiransa mahaukaci a layin awo, ashe abin da Inna Binta ta sani da ƙwarya shi ne ake nema da na'ura.

Dorcas ta ce abu biyu take so: ɗanyen ganye, da kuma ƙwaya daga gindin da aka yanki ganyen, don rubutu ba ya tsirowa, sai da iri a hannu yake da amfani. Ta samu gurbi cikin samfuran da za a aika wurin na'urar a ƙarshen watan Agusta na bana. Suka tsai da wata Litinin.

Daminar bana kuwa da yaudara ta shigo. Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, Siddiƙu ya shuka, sai sama ta yi ɗif kwana ashirin, tsiron ya ƙone. Ya sake shuka da abin da ya rage, har ya kife gorar ya bubbuga gindinta. Duk abin da ya rage na shibrar Inna Binta a duniya, in ji shi, yana tsaye a kunya goma sha biyun nan. Ana cikin haka layinsa na aikin yanar ido ya zo, wanda ya shekara biyu yana jira. Aka yi aiki a farkon Agusta. Likita ya ce ba sunkuyo, ba ƙura, ba gona. Kawunan suka fara leƙowa yana kwance, jakunkunan Uwani na ninke a ƙarƙashin matashinsa. Ya ƙudura ranar Litinin, ko da jan ciki ne, zai bi Dorcas ya ɗaura su.

Lawali, ƙanensa, mai sayar da yadi, ya ga gonar yayansa ta ci ciyawa, ya ce abin kunya ne. Bai gaya wa kowa ba ya kira gayya. Surukansa ya gayyato daga ƙauyen matarsa, manoman gaske, mutum goma sha huɗu, ranar Asabar. Ya nuna musu iyakar gona, suka kama daga yamma da waƙa, shi kuma ya hau babur ya koma gari ɗauko fura da tuwo. Ya yi niyyar in ya dawo ya gaya musu batun kusurwar gabas. Tuwo bai nuna da wuri ba.

Bayan la'asar suka yi sallama a zauren Siddiƙu, ƙafafu duk taɓo, don su duba jikinsa. Babbansu, Malam Salisu, kawun matar Lawali, shi ya yi magana, fuskarsa cike da jin daɗin wanda ya yi aikin lada.

"Malam Siddiƙu, kwanta ka huta, gona ta yi fes. Amma wallahi ciwon idon nan ya cuce ka. Wata kusurwa can gabas, ban taɓa ganin shibra awa wagga ba, ko gero ɗaya babu ciki! Munka tumɓuke ta har saiwa, munka ɗora wa masu jakai sunka kai wa tumaki. Baɗi ka canza iri."

Siddiƙu ya ɗago kai. Ya juyo da idonsa mai lafiya ya nemi Lawali, ya same shi a bakin ƙofa, kai a ƙasa. Ya so ya fashe da faɗa nan take. Amma waɗannan 'yan gayya ne. Sun bar gonakinsu, sun ƙona bayansu a rana, ba don ko sisi ba. Kuma surukai ne. Ba a taɓa jin wanda aka yi wa gayya ya buɗe baki da wani abu ban da godiya ba, ko da gonar maƙwabci suka nome bisa kuskure.

"Sannunku da aiki," in ji shi. "Allah shi saka da alheri. Allah shi bar zumunci."

Kowace kalma kamar garwashi ya tauna. Suka amsa da amin, suka yi masa addu'ar samun sauƙi, ya shafa. Ya raka su da baki har suka fita. Sai da ƙarar takalmansu ta ɓace ya ce, "Lawali, rufe ƙofar nan."

"Yaya, wallahi tuwon ne..."

"Tuwo! Shibrar da kunka ba tumaki, ita ta yi ruwan nonon da ka sha! Kana goye kana ihu, tsohuwa na kaɗa ta cikin ƙwarya. Da ba ita ba, da yanzu ko kabarinka ba a sani ba. Wa ya aike ka? Na ce maka gonata na kuka?"

"Don in fid da kai kunya na yi."

"Kunyata ko taka? Kai dai ka gaji da a ce yayanka na shuka shibra. Baki ɗaya za ka buɗe tun da safe, kalma uku: ku bar gabas. Yadi kake aunawa kullum, ka san inda ake fara yanka, amma ba ka san a faɗi magana kafin a ɗaga kalme ba?"

Uwani ta ɗaga labule. "Malam, likita ya ce ba ihu. Ɗinkin zai kwance."

"Shi kwance! Mi ya rage in gani?"

"To ka bari ya warke tukuna, ka ga wanda kake zagi da kyau."

Lawali ya fita yana share ido da hannun riga. Siddiƙu bai ci tuwon gayyar da aka aiko ba, ya ce a ba tumakin su haɗa.

Ranar Litinin Dorcas ta zo da akwatin ƙanƙara da almakashi, ba ta san komai ba. A cikin keke napep ya gaya mata, a taƙaice, yana kallon titi ta baƙin tabaron da asibiti suka ba shi. Suka tarar da kunya goma sha biyu a share, ƙasa a juye, aikin ƙwararru. Ko ganye ɗaya ba su bari ba.

"Baba, wataƙila baɗi gyauro ya fito, daga wadda ta zube shekarun baya."

"Wataƙila ba ta cika gora. Farin da ya ƙone shukata ya ƙone gyauron bana. Ke kuma gurbinki na ƙarshen wata?"

"Zai wuce," ta ce a hankali.

Ya juya baya don kada ta ga fuskarsa, ya cire tabaron ya goge ido. A nan sabon idon ya yi masa abin da bai roƙa ba. Shekara da shekaru gonar Habibu hazo ce kawai a wurinsa. Yau ga ta tar, kara ɗaya ɗaya. Kuma a bin hanyar da ruwa ke gangarowa daga kusurwarsa, ga wasu sirarran kawuna sun ɗara gero tsawo, gaɓoɓinsu ja. Ko cikin dubu zai gane su. A can ƙasa kuma ga Habibu da kansa, ya sunkuya, ya finciko ɗaya, ya kakkaɓe saiwar, ya wurga bayan kunya.

Siddiƙu ya manta da likita. Ya gangara yana tuntuɓe, Dorcas na bin sa.

"Habibu! Dakata!"

Habibu ya miƙe yana riƙe da ƙugu. "Ikon Allah. Yau mai awo ya san sunana. Lafiya?"

"Kada ka cire sauran."

"Sauran mi? Wanga lalacina ne, ni na haife shi, kai ka faɗa gaban dattawa. Mutum ba shi da ikon cire lalacinshi?" Ya kai hannu ga wata.

"Tawa ce."

"Ban ji ba. Tifa ta kashe mani kunne."

"Na ce tawa ce! Ruwa ya kawo ta."

Habibu ya saki karan a hankali. Labarin gayya ya riga ya kai masa, ya san abin da ke tsaye a gonarsa. Ya dubi Dorcas da akwatinta, ya dubi Siddiƙu, shi ma nasa haushin na shekara goma sha ɗaya ya taso.

"Kowace damina sai na yi kwana uku ina wannan aiki da bayan nan nawa. 'Ya'yana na jin ana ce da ubansu malalaci a majalisa. Yanzu ka zo tsakiyar gero, inda ba mai ji sai tsuntsaye da ɗiyar mutane, ka ce taka ce? A'a. Inda ka ce ba ta da ƙafa, can za ka je ka ce tana da. Na ba ka zuwa bayan azahar ɗin gobe. In na ji shiru, la'asar tumakina za su ci rabonsu."

Siddiƙu ya juya, suka koma gida. A ƙofa Dorcas ta ce, "Baba, ba dole ba ne saboda ni."

"Wa ya ce saboda ke ne?"

Washegari bayan azahar dattawa na zaune a ƙofar mai unguwa, Habibu a gefe yana jan carbi kamar ba shi ba. Siddiƙu ya zo ya tsaya, bai zauna ba. Ya ce shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya faɗi magana a wurin nan, kuma ba daidai ba ce. Shibrar gonar Habibu daga tasa take gangarowa. Habibu ba malalaci ba ne. Ya faɗe ta da ƙarfi, a fusace, kamar mai karanta wa wani laifinsa, har wani dattijo ya tambayi na kusa da shi ko sabon faɗa ne aka fara.

"To Habibu, ka ji," in ji mai unguwa.

"Na ji. Ban taɓa jin an ba da haƙuri awa za a mari mutum ba, amma na ji."

Gindi tara suka rage. Da la'asar ɗin ranar Dorcas ta yanki ganyen kowanne ta sa lamba, ta ce ba mamaki wasu sun gauraya da geron Habibu, karatun ne zai nuna. Siddiƙu ya zaɓi kawunan da ba su yi bununi ba yana rufa musu jaka. Sunkuyo ya gagare shi, ga zare na kuɓuce masa. Wani hannu ya miƙo ya kama zaren. Lawali ne, ya biyo su ba a kira shi ba. Siddiƙu bai dube shi ba. Ya dai ce wa iska, "A ɗaure da ƙarfi, kada a tafi ɗauko tuwo."

Sakamako ya ɗauki watanni. Cikin taran, uku suka fito ba gauraye, sauran jikokin geron Habibu ne, abin da ya sa Habibu ya yi ta yaɗawa a majalisa cewa yanzu shi da mai awo surukai ne. Ƙwayar ukun aka raba biyu, rabi a gorar Siddiƙu, rabi a ɗakin sanyi na wurin aikin Dorcas. Ya ce mata in har an samu geron da ake nema, a sa masa sunan Binta, in ba haka ba kada a zo masa da labari. Lawali kuwa sai da aka yi Sallah aka fara amsa gaisuwarsa da baki, kafin nan da kai ake amsawa.

Da bazara ta yi, aka ga Siddiƙu a ƙasan kusurwar gabas da diga, yana haƙa kwalbati a cikin tsakuwar nan mai taurin tsiya don ya karkatar da ruwa daga gonar Habibu. Yana sara yana mita, da Lawali, da surukai, da tuwo, da likitan da ya buɗe masa ido. Habibu ya jingina da kalme yana kallo daga iyaka.

"Mai awo, ka bar ɗan wuri mana. Wa ya sani ko baɗi ma a yi maka gayya."

Siddiƙu ya ɗaga digar ya sauke ta da ƙarfi har tsakuwa ta fantsama. Amma a can ƙarshen ramin, wajen taki ɗaya, bai haƙa ba.